Inuwarki a Ƙarƙashin Gidan Waya

Ulmeanca, farkon kaka

Zinovia, sanyin idona, ruwan rijiyar bakin hanya a tsakiyar zafin Agusta, inabin ƙarshen kaka da ya fi saura zaƙi don ya fi su daɗewa a rana, shamuwata da ta yi ƙaura ta ƙi waiwayar sheƙa,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da 'yarki Olesea da jikoki. Na san dariya kike yi. Yi abinki. Na daɗe ina jera kalmomin can na sama kamar yadda nake jera dutse, in ɗauki wannan in juya, in ajiye wancan, kuma duk wadda na bari a layin na auna ta na ga ta zauna daidai. Magini ɗan shekara sittin ba ya rubuta irin wannan sau biyu, don haka ki adana.

Za ki ce me ya hana ni kira, ga waya a aljihu. Ke kika hana ni. Shekara ashirin kina zaune gaban allon haɗa waya kina sa layi kina cirewa, hannunki ya saba da katse mutane. Duk Lahadin da na ɗauko maganar da ta fito daga ƙirji, sai ki tambaye ni ko an yi ruwa, ko masara ta yi kyau. Takarda ba ta da wurin da za ki ja ki cire. Kwalbar da ke cikin ƙunshin nan kuma, wadda na naɗe da tawul, ki bar ta a rufe sai kin kai ƙarshe. Na san kin gane ta tun daga wuyanta.

An rushe gidan waya, Zina.

Ba na so ki fara ji a bakin wani. Bangon lafiyarsa lau, rufin ne ya gaji, kuma ba wanda ke aika wasiƙa yanzu sai wawa irina. An mayar da yarinyar da ke aikin can wani ɗaki a ofishin gari, ita da ma'auninta da hatiminta. A filin za a gina ɗakin shan magani. Ban yi faɗa da kowa ba, tsofaffin garin nan sun fi bukatar mai auna jini a kan mai sayar da kan sarki. Abu ɗaya na roƙa, kada a kawo katafila, a bar ni in sauke shi dutse dutse, tunda ni na ɗora.

Kin san yadda garinmu yake. Duk gwamnatin da ta ratsa ta kanmu sai ta bar mana gini ɗaya, ta kuma canja allon da ke kan sauran. Sarkin Rasha ya bar tsohuwar makaranta mai dogayen tagogi da jan bulo a gefensu, wadda har gobe ajinta ya fi na sabuwar ɗumi. Rumaniyawa suka bar ofishin gari da barandarsa mai gajerun ginshiƙai masu ƙiba, kamar mata sun tsuguna suna tsintar wake. Sobiyet ta zo da gidan taro mai dogayen ginshiƙai, da hoton mai tsinkar inabi da aka yi da gutsattsarin tangaran a bango, da tankin ruwa a kan tudu, da rumfar jiran mota. Mu kuma da muka samu kanmu, tagogin roba muka iya, da soson da ake mannawa a bango don sanyi a shafe shi da fenti ruwan hoda. Amma ki kankare kowannensu, dutse ɗaya za ki tarar a ƙasa, farin dutsen nan namu da ake yankowa da zarto daga cikin tudu, mai ƙananan katantanwa a jiki tun zamanin da teku ke kwance a nan. Da na je Chisinau na tsaya gaban tsohuwar hasumiyar ruwa, mutane suna ɗaukar hoto, ni ina shafa bango. Ɗan'uwan namu ne, sa'ar zama a birni kawai ya yi.

Gidan waya shi ne autansu, kuma shi kaɗai muka gina da hannunmu. Ɗaki uku, matakala uku, shuɗiyar ƙofa, da indararon kwano da aka yanka masa tsuntsaye a baki irin na rufin rijiya. Da aka cire allon haruffan Rasha aka kafa na yanzu, ramukan tsofaffin ƙusoshin sun ƙi ɓoyuwa, ni ma ban toshe su ba. Ba gini ne da wani zai tako daga nesa ya gani ba. Amma ta ƙofarsa labarin kowace haihuwa da kowace mutuwa ya fita garin nan, kuma ke kika fitar da yawancinsu.

Kin tuna ranar da aka haƙa tushensa? Watan Yuni, shekarar tamanin da biyu. Kolhoz, gonar haɗin gwiwa ta gwamnati, ya ba da dutse da siminti, gari ya yi gayya. Ina ɗan shekara sha takwas ina koyon aiki a hannun Mosh Trofim, tsohon da bai taɓa ɗora dutsen farko ba sai da inuwa a ƙarƙashinsa. Haka ya gada: a auna inuwar mai rai da zare, a binne zaren a tushe, gini ya samu mai riƙe shi. Tsofaffi sun ce wanda aka binne inuwarsa ba ya cika shekara, in kuwa ya cika, to ba ya iya nisa da wurin. Shi ya sa magina ke satar ta a ɓoye, ta baƙo mai wucewa, ko ta zakara in masu tsoron Allah ne. Mosh Trofim mai tsoron Allah ne, yana kuma tsoron shugaban kolhoz, don haka a buhu ya zo da zakaransa. Da tsakar rana da mutane suka koma gindin bishiya cin tuwon masara da cuku, ya sake shi a bakin rami. Zakara ya ƙi tsayawa. Tsoho na bin sa a sunkuye da zare, ni ina tare hanya.

A haka kika same mu, da bokiti biyu na ruwan sha, kitsonki guda ɗaya har ƙugu, bajon matasan jam'iyya a ƙirji.

"Mosh Trofim," kika ce, "mutane sun je sararin samaniya sun dawo, kai kana nan kana bin zakara da zare?"

"Wuce, 'yar nan. Matsa, kada inuwarki ta faɗa ramin."

"To ta faɗa mana. Ga ta nan kyauta, ba sai ka yi sata ba. Auna."

"Tofar da yawu, ja'ira. Ke kaɗai uwarki ta haifa."

Ya yi alamar gicciye ya juya mana baya. Sai kika ajiye bokitan kika dube ni.

"Kai fa, Gavril? Ko kai ma ƙarfinka a kan zakara ya ƙare?"

Na durƙusa. Na ɗaura ƙulli a diddigenki, na ja zaren a kan ƙasa har inda kanki ya tsaya, na ɗaura na biyu. Kina kallona daga sama kina cije leɓe. Kuma kin yi ɗage, Zina. Na gani da idona, diddigenki ya bar ƙasa don inuwar ta ƙara tsawo. Ban taɓa kusantar ki kamar ranar ba, alhali ko yatsanki ban taɓa ba. Tsoho ya ga aikin gama ya gama, ya shanye ragowar abin da ke cikin 'yar kwalbarsa ya miƙo min ba tare da ya juyo ba. Na naɗe zaren na sa, da reshen ɗoɗɗoya, na toshe bakin da kakin zuma, muka ajiye ta a inda dokin ƙofa zai zauna. Zakaran kuwa shi aka yi farfesu da shi washegari.

Kafin rana ta faɗi mahaifiyarki, Lele Domnica, ta iso da ɗankwali a hannu da fartanya a kafaɗa. Ta zagaya ramin farar ƙasa da ni har muka gaji mu biyu, tana cewa in tono mata 'yarta. An riga an zuba kankare. Ta turara ki da ɗoɗɗoya, ta kai ki wurin sufayen coci a ɓoye aka yi miki addu'a, kuma har ta koma ga Allah in ta hango ni sai ta tsallaka titi ta bi gefen da inuwarta ba za ta taɓa ni ba. Ban ga laifinta ba. Shekarar nan gaba ɗaya, ko tari aka ce kin yi sai in bi mutane ina tambayar lafiyarki.

Sauran kin san shi. Da kaka aka kwashe ni soja. Ban ce miki komai ba kafin in tafi, ke kuma ba boka ba ce. Na dawo na tarar kin auri Anatol, likitan dabbobi, mutumin da ya iya buɗe baki ya faɗi abin da yake so. Ni na auri Dusea. Mutanen kirki ne su biyun, kuma yanzu layi ɗaya suke kwance a kan tudu. Bayan Ista in na je gyaran kabarin Dusea, nasa ma ina cire masa ciyawa in shafa wa gicciyen fenti. Ba wani abu a tsakaninmu da za mu ji kunyarsa a gabansu.

Da aka ba ki aikin haɗa waya a ginin, gari ya ce ai dama, ina za ta je? Kullum da safe ki taka inuwarki ki shiga, da yamma ki taka ta ki fita. Ranar girgizar ƙasa ta shekarar casa'in, da rana tsaka, ina kan tsani a gidan taro na ji ƙasa ta yi numfashi. Ban san yadda na sauko ba, na dai ga kaina a ƙofarku. Kowa ya fito titi sai ke. Kina zaune da abin ji a kunne, fitilar sama tana lilo, kina ce wa wata mata, "Ki daina ihu, lele, in kina ihu ba zan ji lambar ba." Ko tsagewar gashi bangon bai yi ba. Mosh Trofim ya ce inuwar ce. Injiniyan gunduma, wanda ya tilasta mana ɗaura wa ginin ɗamarar kankare da rodi tsoho yana ta ƙunƙuni, ya ce ɗamarar ce. Ni dai na ga kin fito da ƙafarki, na ce Allah ya saka wa su biyun.

Sai aka kawo na'ura mai haɗa layi da kanta, Anatol ya kwanta ciwo, kika hau motar Italiya da jaka ɗaya. Matan shago suka ce ba za ki yi wata ba, inuwar za ta jawo ki. Ga shi an haura shekara ashirin kina Padova kina ɗaga tsofaffin mutane kina kwantarwa. In aikin inuwa ke nan ta hana mutum nisa, taki dai ta yi barci a bakin aiki.

Amma ba don tsohon labari na ɗauki alƙalami ba. Don bazarar bara waccan ne, da kika zo hutun Agusta muka zauna a kan matakalar gidan waya da yamma, kina ɓare 'ya'yan furen rana kina tara ɓawon a tafin hannu, wai a Italiya ba a zubarwa a ƙasa. Kika buga dokin ƙofar da diddige.

"Kai Gavril, har yanzu tana ƙasa?"

"Ina za ta je? Ni na rufe."

"To ka ci gaba da gadi. Ranar da tsohuwar da nake jinya ta tafi, zan dawo in karɓi kayana."

"Mai gadin fa?"

"Shi ai da kayan ake haɗawa."

Kika jingina kanki a kafaɗata, a gaban shago, Lele Frosea mai shagon tana leƙe ta tsakanin kwalaben mai. Ban motsa ba har kafaɗar ta mutu. Tun daga ranar na fara gyara gida. Na sake rufin ɗakin girki, na jawo ruwa ciki don kada ki ɗauki bokiti da bayan nan naki, na dasa furanni a bakin ƙofa, ni da ban taɓa dasa abin da ba a ci ba.

Tsohuwar da kike jinya ta rasu bayan sabuwar shekara, Allah ya ji ƙanta. Ƙanƙara ta narke, na ce yanzu. Shamuwa ta dawo kan turken da ke gaban gidan waya, ta yi ƙwai, ta ƙyanƙyashe, 'ya'yan suka koyi tashi, suka tafi. Ke shiru. Sai Lahadin da ta wuce kika ce min Olesea ta samo mai sayen gidanki, ana so ki sa hannu kafin bikin cocin gari a watan Oktoba. Ina jin ta daga bayanki tana cewa, "Mama, me za ki koma yi a can, laka da kaji?" Ke kuma kika yi 'yar dariyar nan taki ta ma'aikaciyar waya.

"Jikokina ba su san hanyar Ulmeanca ba, Gavril. Inuwata tana can, sai ta wakilce ni. An yi ruwa kuwa?"

Na ce an yi. Ban ma san ko an yi ba.

Inuwa ta wakilce ki? Wa ya taɓa shan miya da inuwa? Wa ya taɓa yi mata ƙorafin gwiwa ta ce masa ya rage gishiri? Inuwa za ta tsaya a bakin ƙofata ta ce furannin nan na dasa su a karkace? Zina, hasken safiyata, garwashin murhuna a tsakiyar hunturu, na yi kewar ki har abin ya zama aiki, ina tashi da shi da safe kamar yadda nake tashi da ciwon baya. In na yanka burodi sai in yanka na mutum biyu. In na ji abin dariya a shago sai in adana shi har Lahadi, kafin Lahadin ta zo ya huce. Inabin gidanki ya nuna bana har reshe yana taɓa ƙasa, na tsaya a ƙarƙashinsa na rasa wanda zan ce wa zo ki gani. Na ji zafin maganarki, gara in faɗa miki, kuma ban huce ba tukuna.

Washegarin wayar muka fara sauke rufi. Da muka zo kan dokin ƙofa na sallami yaran aiki, amma a garin nan ba a ɓoye komai. Kafin in sa ƙarfe a ƙarƙashin dutsen rabin unguwa ya taru, har da waɗanda ba a haifa ba lokacin. Na ɗaga. Tana nan a kwance a raminta, a bushe, kakin bai ko tsage ba. Lele Frosea ta yi alamar gicciye, sannan ta fara ba da umarni.

"A mayar da ita cikin sabon tushen. Ginin da ya ci girgizar ƙasa bai tsage ba, ku ce ba ita ba ce? Kuma in aka sake binnewa dole Zina ta dawo."

"Lele," in ji Fada, limamin cocinmu, "shekara nawa ina gaya muku wannan aikin arna ne? A ba ni in ƙona, in yi wa baiwar Allah addu'a."

"Ka ƙona inuwar mutum yana raye, Fada? In ta kama zazzaɓi a Italiya kai za ka biya jirgi?"

Magajiyar gari, yarinyar da ta yi karatu, ta ce tarihi ne, a sa ta a akwatin gilashi a makaranta kusa da tsohuwar garma da rigar amarya. Aka yi ta ja-in-ja kamar ba ni a wurin. Na sa kwalbar a aljihun kwat na ce, "Mai ita tana da rai, kuma tana da adireshi." Lele Frosea ta bi ni da ido ta ce, "Mu dai mun san dokin ƙofar da za ta kwana a ƙarƙashinsa."

Ba ta yi ƙarya ba, na yi tunanin haka. Na isa gida na tsaya a kan dokin ƙofata da ƙarfen a hannu. Aikin rabin sa'a ne, ba wanda zai sani. Sai na ce bari dai in gan ta tukuna. Na fasa kakin, na zaro zaren, na shimfiɗa shi a tsakar gida da rana. Ya yi rawaya, ya yi siriri, ƙullin biyu suna nan yadda na ɗaura su. Ɗan gajere ne, Zina, har da ɗagen da kika yi. Na zauna a ƙasa ina kallonsa. Wannan inuwar wata yarinya ce mai kitso ɗaya da ta zo tsokanar tsoho da zakaransa. Na so ta, ba musu, amma ban san ta sosai ba. Wadda na sani ita ce mai rina furfura da jan lalle, mai kumburarrun yatsu, mai bayan da ya lanƙwashe wurin ɗaga iyayen wasu, wadda ta binne miji ta aurar da 'ya daga nesa ba ta taɓa cewa wayyo a waya ba. Ita nake so. Ita kuwa ba a taɓa auna ta ba, kuma ba ta ba kowa kyautar komai a bakin rami ba.

Ban ce na yarda da maganar tsofaffi ba, ban kuma ce ban yarda ba. Amma in gaskiya ce, ba na so ki shigo gidana don an ɗaure ki a ƙasa. In ƙarya ce, me zan yi da zare? Don haka ga kayanki nan na mayar miki. Gadi ya ƙare.

Yanzu ki buɗe kwalbar. Zare biyu za ki gani.

Shuɗin nawa ne. Ashe mutum ba ya iya auna inuwarsa da kansa: in na sunkuya ita ma sai ta sunkuya, in na miƙa hannu ta miƙa. Na yi ta fama a tsakar gida kaji suna kallona, har Vitalie direba, wanda zai kawo miki ƙunshin nan, ya shigo karɓar kaya ya same ni. Na ba shi zaren na ce ya durƙusa.

"Bade Gavril, gini za ka yi a Italiya?"

"Auna ka yi shiru."

"In mamata ta ji na auna inuwar mutum, na shiga uku. Tsaya ƙyam mana. Kai, Bade, har da ɗage? A shekarunka?"

Har da ɗage. Ba zan bari taki ta fi tawa wayo ba.

Ga maganar da ban yi ba kafin in tafi soja, ban yi ba a kan matakala, kika hana ni yi a waya. Ina son ki, Zinovia. Ina so ki aure ni, a coci, da rana, Lele Frosea ta samu abin faɗa har ƙarshen ranta. Ba ina ce miki ki zaɓa tsakanina da jikokinki ba, wane ni. Gidanki naki ne, in kin ga ki sayar ki sayar, ba da bango nake neman aure ba. In kin dawo, ga ruwa a cikin gida, ga furanni a karkace suna jiran mai gyara su. Dutsen dokin ƙofar gidan waya ma yana nan, shi na roƙa a madadin ladan ranar. Na ɗora shi a bakin ƙofata ya zama benci. Tsakiyarsa ta lotsa saboda sawun mutane, rabin lotsawar taki ce. Da yamma rana tana bugowa daga yamma ta jefa inuwar mai zama a kan farin bango, kuma wurin ya ishi mutum biyu.

In kuwa ba za ki iya barin Padova ba, to ki ji. Na je gunduma na yi fasfo. Ni da tun da na dawo soja ban wuce Chisinau ba, an zaunar da ni an ɗauki hotona an ce kada in yi murmushi, kamar dama ina da niyya. An ce can ma akwai tsofaffin bango masu neman hannu, kuma dutse ba ya tambayar yaren magini. Zan bar inabi, zan bar kaji wa Frosea, zan bar garin da na san kowane dutsensa da suna. Ba zan ce miki abin zai yi min sauƙi ba. Tsoro nake ji, irin wanda ban ji ba ko a kan tsani ranar girgiza. Amma na gwada zama a nan ba ke, na san nauyinsa, wancan kuwa ban gwada ba.

Tsofaffi sun ce mutum ba ya iya nisa da inda aka ajiye inuwarsa. A kanki maganar ba ta yi aiki ba. A kaina za ta yi, don ni na yarda ta yi. Ki sa shuɗin zaren inda kika ga dama: ƙarƙashin tabarmar ƙofarki a Padova, ko cikin jakar da za ki hau motar Vitalie da ita. Inda kika sa shi, nan za ki same ni. In kuma kika mayar min da shi shi kaɗai a cikin kwalba, zan gane, ba zan sake tayar da maganar ba. Zan ci gaba da cire ciyawar kabarin Anatol, in ɗauki waya ranar Lahadi kamar kullum, kuma ba za a taɓa jin wata mace ta zauna a kan bencin nan ba.

Naki tun daga bakin ramin nan, naki har ranar da za a kai ni kan tudu a rufe ni da farin dutsenmu,

Gavril

Af, kafin ki tambaya: an yi ruwa jiya da safe, masara ta yi kyau, kaji lafiya lau. Ranar Lahadi ba ki da sauran tambaya, Zina. Saura amsa.